Shiru Ma Magana Ce, Amma Ga Mai Jin Yaren

  

Yau tafiya za mu yi. Ku taso mu je Alƙahira, babban birnin Masar. Akwai wata unguwa a gabashin birnin, cikin Madinatu Nasr, ana ce mata Hayyul Ashir. Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Azhar ya san ta. Za mu shiga wani dogon bene. Za mu gaida bawwab, wato mai tsaron ƙofa. Sai mu taka matakala har hawa na biyar. Kafin mu ƙwanƙwasa, ku ɗan dubi bakin ƙofar. Takalma ne jibge. Ga silifas na roba. Ga takalmin fata ɗinkin Kano. Ga wani ƙaton takalmin sanyi mai gashi a ciki. Masu takalman nan ba daga gari ɗaya suka fito ba.

Ɗaki biyu ne da falo. Banɗaki ɗaya. Kicin kuwa, in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya karkace. Mu 8 ne a ciki. Ni da wani ɗan'uwana mutumin Damagaram. 'Yan Indonesiya uku. Ɗan Senegal, ɗan Cadi, da wani dogon saurayi daga Uzbekistan. A gidan nan na yi shekara biyu da rabi ina ɗalibta.

Magana ɗaya tak na zo muku da ita, kuma zan yi ta maimaita ta. Bahaushe ya ce shiru ma magana ce. Haka ne. Amma magana ce ga wanda ya ji yaren. Mutumin da kuka haɗu a gidan haya a ƙasar waje bai iya yaren shirunka ba. Abin da ke ranka, sai ka faɗa masa da baki.

To, bari mu fara da tambayar da na san wata uwa tana yi yanzu haka. Me zai kai mutum 8 ɗaki biyu?

Aljihu ne, Hajiya. Azhar tana da masaukin ɗaliban ƙasashen waje, Madinatul Bu'us, can wajen Abbasiyya, tun shekarun 1950. Sai dai ba ya ɗaukar kowa. Wanda bai samu gurbi ba, sai ya nemi shaƙƙa, wato gidan haya a bene. Simsar, dillalin gidaje ke nan, zai karɓi la'adarsa. Mai gida zai karɓi kuɗin ajiya kafin ya miƙa makulli. Sannan ga haya duk wata, ga wuta, ga ruwa, ga gas. Yaron da abin da ake turo masa daga gida bai taka kara ya karya ba, ina zai iya shi kaɗai? Dole a haɗu a raba.

'Yan yanzu ma sun fi mu ji a jika. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. Dubban ɗaruruwan bayin Allah suka tsallako Masar, su ma suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Haya ta yi tsalle. A tsakiyar shekarar 2023 naira ta faɗi. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar shi ma ya faɗi, ga tsadar kaya. Inda ake shimfiɗa katifa uku, sai a matsa a shimfiɗa ta huɗu.

Kada kuma ku ɗauka zuwan mutanenmu Masar sabon abu ne. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka samu makaranta da masauki a can, Madrasatu Ibn Rashiƙ, saboda alhazansu da ɗalibansu. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambace ta. A da, a cikin masallacin Azhar kansa akwai sassan kwana da ake kira ruwaƙ. Akwai na Barnawa. Akwai na mutanen Jawa, kakannin 'yan Indonesiyan nan. Akwai na Magaribawa, akwai na Turkawa. Kowane da shehinsa. Ku lura da wannan. A da, ƙasa ce ke haɗa ɗalibi da abokin kwanansa. Wanda ke gefenka ya san tuwonka, ya san fushinka, ya san kunyarka. Yau kuɗin haya ne ke haɗa ku. Wanda ke gefenka bai san ko ɗaya ba.

Yanzu mu shiga kicin, don a nan rigimarmu ta farko ta tashi.

Lokacin da zan taho, mahaifiyata ta ƙulle mini kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da daddawa. Duk ɗan da ya taɓa barin gida ya san wannan ƙullin. Ran Juma'a ta farko na ɗora miyar kuka. Na daka daddawa na zuba. Ƙamshin ya tashi, na ji kamar ina tsakar gidanmu. Ina juyowa sai na ga 'yan Indonesiyan nan uku sun fita baranda. Sun buɗe duk tagogin falo. Watan Janairu ne, sanyin Alƙahira na ratsa ƙashi, gidajen kuma ba abin ɗumama ɗaki. Amma sun gwammace sanyin. Na ji abin har cikin raina. Na ce wato abincin uwata ne suke ƙyama. Ban ce musu uffan ba. Na ɗaure fuska, na rage gaisuwa. A gidanmu, wannan ya isa kowa ya gane an yi laifi.

Ba su gane ba.

Su kuma suna da wani abu da suke kira terasi. Ƙananan jatan lande ne ake sa wa gishiri, a bar su su ruɓa, a daka, a dunƙule. Suna gasa shi su haɗa da barkono, su ci da shinkafa. Shinkafa kuwa safe, rana, dare. Ranar da na fara jin warinsa, na ɗauka wani abu ne ya mutu a bayan firiji. Duk lokacin da suka ɗora, sai in ɗauki littafina in sauka masallaci. Su ma suka lura. Su ma suka ji zafi. Su ma ba su ce komai ba. Daga baya na gane mutanen Jawa suna da irin tasu kunyar, suna ce mata sungkan. Ba sa son gaya wa mutum abin da zai sosa masa rai. Sai su yi murmushi su kauce.

Kun ga abin da ya faru. Kawaici biyu ne suka haɗu a gida ɗaya, kowanne da yarensa. Wata uku muna haka. Ana sallah tare, ana sallama da juna, amma gidan ya yi nauyi.

Ɗan Senegal ne ya fasa ƙurjin. Shi ne babbanmu a shekaru. Wani dare bayan isha'i ya ɗora shayi irin nasu, ataya, mai zagaye uku. Ya ce ba wanda zai tashi sai an sha na ukun. Da aka miƙa na farko, ya dube ni ya ce, “Ya akhi, me ke damunka da waɗannan?” Na ce ba komai. Ya ce, “Ba komai ba ta ɗaure fuska wata uku.” Sai na faɗa. Da kyar, amma na faɗa. Babban cikin 'yan Indonesiyan ya zaro ido. Ya rantse bai taɓa sanin na ji haushi ba. Ya ce warin ne ya yi musu ƙarfi, kuma sun fita baranda ne don kada in gani a fuskarsu in ji kunya. Wato abin da na ɗauka wulaƙanci, su girmamawa suka nufa. Ya ce su kuma sun ɗauka ina sauka masallaci ne don ina ganin abincinsu haramun ne.

Ɗan Senegal ya tashi ya buɗe jakarsa. Ya fito da wani ƙulli, ya miƙo mini. Daddawa ce. Kalwar ɗorawa ce sak irin tamu, su suna ce mata netetu. Ya ce shi ɓoye tasa ya yi tun da ya ga yadda aka yi da tawa.

A daren muka yanke shawara. Mai girki ya rufe ƙofar kicin, ya buɗe taga. In za a ɗora daddawa ko terasi, a sanar. Shi ke nan. Maganar da ba ta kai tsawon shan shayi ba, ita muka ɗauka a ka wata uku. Kafin shekara ta zagayo, ɗaya daga cikinsu ya koyi tuƙa tuwon shinkafa. Ni ma na saba da barkononsu, har ina nema.

Jama'a, abin da ke ranka, faɗa masa da baki. Bai iya yaren shirunka ba.

Daga kicin, sai maganar kuɗi. A nan kunyarmu ta fi cutar da mu.

Bahaushe ba ya son bin bashin abin da bai kai ya kawo ba. Tukunyar gas ta ƙare, Masarawa na ce mata anbuba. Mai sayarwa na wucewa a ƙasa yana buga ƙarfe a jikinta. Kai ka leƙa ka kira shi, kai ka biya. Wata na biyu ma kai. Wata na uku ma kai. Kana jira wani ya ce, “Kai, wannan karon nawa ne.” A Kano ko Maraɗi da tuni an faɗa. A nan kowa ya ɗauka cikin asusun gida ka cira. Kai kuma kana lissafi a zuci, kana tara haushi. Ranar da abin zai fashe, a kan sabulu ko cokali zai fashe, kowa ya rasa gane kanka.

Ɗan Uzbekistan ne ya kawo magani. Ya sayo ƙaramin littafi, ya ɗaura masa biro da zare, ya rataye a jikin firiji. Duk wanda ya sayi abin gida ya rubuta. Ƙarshen wata a zauna a raba. Da farko abin ya yi mini nauyi. Na ga kamar rowa ce a rubuta kuɗin burodi. Amma tun da littafin nan ya hau firiji, ba a ƙara jin kan kowa a kan kuɗi ba. Wanda kuɗinsa bai iso ba ya faɗa, a ɗauke masa zuwa wata mai zuwa, a rubuta. In kana son yin kyauta, ka yi, ka ce kyauta ce. Haka aka tsara layin banɗaki kafin asuba. Haka aka tsara shara da wanke-wanke.

To, yanzu zan taɓo inda laifin namu ne, mu Hausawa. Ku yi haƙuri da ni.

Maganar baƙo ce. Mu a wurinmu baƙo ba ya neman izini. An kira ka daga gida, an ce ɗan wane zai sauka gobe, ka tarbe shi. Ka je filin jirgi ka ɗauko shi. Ka shimfiɗa masa a falo. Kwana uku su zama mako uku, yana jiran takardunsa. Kai a ganinka alheri ka yi, kuma alherin ne. Amma falon nan ba naka ba ne kai kaɗai. A nan wani yake haddarsa da dare. Banɗakin da mutum 8 ke bi ya zama na 9. Ruwan zafi ya ƙare kafin a kai ga na ƙarshe. Mun yi wannan har sau biyu, ni da ɗan'uwana, ba mu tambayi kowa ba. A karo na biyu ɗan Cadi ya ja mu gefe. Da Hausa ma ya yi mana magana, don ya iya. Ya ce, “Malamai, ba wanda zai hana ku baƙo. Amma ku tambaya. Kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce.” Gaskiya ya faɗa. Karo na uku da muka tambaya, su suka ba da bargo.

Kada mai saurare ya ce zaman nan duk wahala ne. Ku biyo ni kan tabarmar sallah.

Asubar farko da ɗan Indonesiya ya ja mu, bayan ya ɗago daga ruku'in raka'a ta biyu sai ya ɗaga hannu, ya yi ƙunuti a bayyane. Shafi'iyya ke nan. Mu Malikiyya a asirce muka saba yi, kafin ruku'u. Ɗan Uzbekistan Bahanafe ne. Shi ba ya ƙunuti da asuba, sai a wutiri, kuma hannunsa a ƙasan cibiya yake ɗorawa. Ɗan Senegal ya saki nasa hannun. Saɓanin da muke karantawa a littattafan fiƙihu, ga shi a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Wata rana ɗan'uwana na Damagaram ya ja magariba. Shi da Warshu ya yi haddarsa, a tsangaya, da allo da tawada. Ƙaramin cikin 'yan Indonesiyan bai taɓa jin wani karatu ba sai Hafsu. Ya ɗauka kuskure ne, ya yi masa gyara daga baya. A da, da ɗan'uwana shiru zai yi, ya daina limanci har abada. Amma mun riga mun sha shayin nan. Ana sallama ya tashi ya ɗauko Alƙur'aninsa mai rubutun Magribi. Ya buɗe, ya nuna masa, ya yi masa bayani. Yaron ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Washegari ya zo da littafinsa, ya ce a koya masa Warshu. Wata da watanni suna zama bayan asuba.

Ga kuma harshe. A gidan nan ba abin da ya haɗa mu sai Larabci. Da shi ake neman gishiri, da shi ake faɗa, da shi ake shiri. Na san 'yan'uwanmu da suka zaɓi gidan da kowa Bahaushe ne. Akwai daɗi, ban musa ba. Tuwo kullum, hira har dare. Amma wasunsu sun yi shekaru a Masar, bakinsu bai sake da Larabci ba. Wannan asara ce babba ga wanda ya bar iyayensa don neman ilimi.

Akwai dare ɗaya da ba zan manta ba. An kira ɗan'uwana daga Damagaram. Mahaifiyarsa ta rasu. Ba halin tafiya, kafin ya samu jirgi an daɗe da binne ta. Ya ajiye waya. Ya yi salati a hankali. Ya juya ga bango ya kwanta. Dauriya irin tamu. Washegari ya tashi ya yi sallah, bai gaya wa kowa ba. Sauran suka ga ba ya ci, ba ya magana. Ɗaya ya tambaye ni a ɓoye ko sun yi masa wani laifi ne. Na tsaya ina tunani, ko in rufa masa yadda yake so. Sai na faɗa musu.

Kafin azahar gidan ya canja. 'Yan Indonesiya suka zauna suka karanta Yasin. Suka nemi izininsa su yi mata salatul ga'ib, yadda mazhabarsu ta yarda, ya amince. Ɗan Uzbekistan ya dafa shinkafa da nama da karas irin ta ƙasarsu, babbar tukunya, saboda masu zuwa gaisuwa. Ɗan Senegal ya zauna kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa, bai ce komai ba. A nan ne ya fashe da kuka. Wannan shirun kam kowa ya ji shi. Amma sai da aka fara faɗa da baki.

Kafin in rufe, akwai gyara biyu.

Na farko, ban zo rushe kunya da kara ba. Su ne adonmu, kuma su suka sa ake son zama da yaranmu a ko'ina. Faɗar magana daban, rashin kunya daban. Ka zaɓi lokaci. Ka ja mutum gefe. Ka fara da alherinsa. Ka faɗi abin sau ɗaya, a sarari, ba habaici. Habaici ma yare ne, shi ma bai iya ba.

Na biyu, ba kowane gida magana ke gyarawa ba. Baƙar fata a titin Alƙahira yakan ji yara na kiransa samara, yakan daure ya wuce. Amma in raini saboda launin fata ya biyo ka har ɗakin kwananka, ka faɗa, ka sake faɗa, in bai canja ba ka tattara kayanka. Haka in ana ɗauke-ɗauke. Haka in ana shigo da abin da zai jawo 'yan sanda, kai da kake lallaɓa takardar iƙamarka. Wannan ya fi shafar 'ya'yanmu mata, don su ma haka suke zaune, cunkushe, tare da 'yan wasu ƙasashe. Mun tarbiyyantar da su a kan haƙuri da shiru fiye da maza. Yarinya za ta shekara ana cutar ta, in an kira daga gida ta ce lafiya lau.

Don haka, iyaye, ga roƙona. In kun kira ɗanku ko 'yarku a makon nan, kada ku tsaya a kan karatu da kuɗi. Ku tambaya, su wa kuke kwana da su? Ku nawa ne? Daga ina suke? Akwai abin da ke damunka da ba ka faɗa musu ba? In ya ce ba komai, ku sake tambaya. Ku ce a miƙa wa abokan zaman wayar ku gaisa, ko da sallama ce kawai kuka iya haɗuwa a kai. In za ku ba da saƙo, ku ƙara ƙullin kilishi ɗaya, ku ce na 'yan ɗaki ne.

Kai kuma ɗalibi, ke kuma ɗaliba, da kuke jin mu ta waya daga Hayyul Ashir, ko Darrasa, ko wani birnin daban, na san akwai maganar da kuka daɗe kuna haɗiyewa. A ɗora shayi yau da dare. A kira kowa. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya maido mana da ku lafiya.